Minti Biyun Baba Gaba-Dai

"Baba, danna! Danna wancan jan abin!"

Ina tsaye a bakin ƙofata ina ɗaga murya, shi kuwa yana zaune a bakin tasa a kan kujerar roba, ya riƙe waya da hannu biyu kamar wanda aka miƙa wa jariri. Baranda ce kawai tsakaninmu, sai layin alli da ya sa na ja masa a ƙasa tun farkon annoba. Ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, saboda haka bai ji ni ba. Magana yake yi a hankali, yana tsayawa ya ja numfashi, daidai yadda muka koya.

Na dubi tawa wayar. Ga shi nan a cikin wani ɗan akwati, a jere da akwatunan 'yan majalisa, bakinsa yana motsi. Amma muryarsa ba ta wayar take zuwa mini ba, ta iskar baranda take zuwa. A gefen hotonsa akwai alamar makirufo, an ja mata jan layi.

Na ɗaga masa hannu ina nuna fuskar wayar. Ya gan ni, ya kai yatsa ya taɓa. Sai dai yatsan yana cikin safar hannu ta aiki, wayar kuma tana ƙulle cikin leda, kamar yadda ya saba ƙulle ta kullum. Ban ga abin da ya canja ba. Na taka har ƙafata ta kai layin. Ya ɗaga tafin hannu ya tsayar da ni, bai ko katse maganarsa ba.

"Malama, kin san halinsa," in ji matarsa daga taga, a hankali. "Kada ki tsallako."

Shugaban kwamitin, wani mai tabarau da kantar littattafai a bayansa, yana duban wani abu a ƙasa. Wata 'yar majalisa kuwa tana gyaɗa kai, ban san ko wa take gyaɗa wa ba. Da lokaci ya cika, shugaban ya ɗago.

"Mun gode, bawan Allah. Mun ji kokenka. Na gaba."

Baba ya cire abin kunne, gumi yana bin wuyansa. Ya daɗe yana tari kafin ya samu bakin magana.

"Malama, yaya na yi?"

"Ba ka tsallake ko layi ɗaya ba," na ce. Gaskiya na faɗa, iyakar wadda na tabbatar.

Mu duka a gidan benen nan Baba Gaba-Dai muke ce masa. Mai kwashe shara ne, yana bin bayan babbar mota. In ya juye duro, sai ya daki jikin motar da tafin hannu ya ce wa direba, "Gaba dai!" Yaran unguwa suka ɗauke shi a bakinsa suka laƙaba masa. Matarsa ita ke dafa wa yara abinci a makarantar da nake koyarwa. Yara suna ce mata Uwar Tukunya, ni kuwa Yaya nake ce mata.

Da annoba ta zo aka rufe makaranta, Yaya ta zauna a gida, ni na koma koyarwa ta waya, maigidana kuma kulle ya rutsa da shi a wani gari. Baba kaɗai ke fita a hawanmu. An ce irinsu ma'aikata ne da ba a iya yi sai da su. Tun daga nan ya kafa dokokinsa. Bokitin ruwa da sabulu a ƙofa. Takalman roba ba sa shiga ɗaki. Waya cikin leda, don ba a san abin da hannu ya taɓo a bola ba. Ya roƙe ni alli, ya ce in ja layi, tunda hannun malamai ne ya iya miƙe layi.

"Ni ke shiga dattin gari," ya ce. "In zan kwaso wani abu, ya tsaya a kaina."

Ya kwaso ɗin. Ya yi jinya a gida, zazzaɓi ya tafi, amma ƙirjin ya ƙi komawa yadda yake. Hawa bene ya zama masa tafiya mai zango. Abin da ya riƙe gidan shi ne tallafin da majalisa ta kafa: kashi ɗaya na waɗanda aikinsu ya tsaya, irin su Yaya, ɗaya kuma na ma'aikata irin Baba, wanda ya ba su damar zama a gida su warke ba tare da an ba wani gurbinsu ba. Duka biyun za su ƙare a ƙarshen wata. In an tsawaita, Baba zai zauna har ƙirjinsa ya sake. In ba a tsawaita ba, ko ya koma bayan mota da wannan numfashin, ko ya rasa aikin.

Ƙungiyar ma'aikata ce ta samo musu damar magana a gaban kwamiti ta waya, kowa minti biyu. Da suka zaɓe shi, sai ya ƙwanƙwasa bangon baranda da sandar tsintsiya.

"Malama, ɗalibi ya zo. Tsoho ne, amma ba ya surutu a aji."

Kullum da hantsi muke zama, ni a ƙofata, shi a tasa. Da farko na shirya masa jawabi mai gabatarwa da kammalawa, irin wanda nake koya wa 'yan aji shida. Bai kai tsakiyar jimlar farko ba numfashi ya yanke masa. Sai na fara datsewa. Na riƙa sauraron inda yake tsayawa, ina sa aya a wurin. A ƙarshe ga abin da ya rage:

Ni mai kwashe shara ne. Da aka ce kowa ya zauna a gida, mu aka ce mu fita. Mun fita. Sharar gidajenku ma mu ke kwashewa. Yanzu ƙirjina ya ƙi. Matata yara take dafa wa abinci. Makaranta a rufe take. Ba kyauta muke roƙo ba. Ku ƙara mana lokaci. Mu warke, mu koma.

Na so in cire zancen sharar gidajensu, na ce kada su ɗauka gori ne.

"A'a, Malama, bar shi. Ai ba ƙarya na yi ba. Akwai ɗaya ma da na san ba ya cinye abincinsa."

Yaya tana daga ciki tana wanke-wanke, tana jin mu. Wani lokaci in ya manta layi, ita ke jefo masa ta taga.

"Ke aka zaɓa ko ni?" ya ce.

"Da ni aka zaɓa da tuni an gama."

Ranar da aka yi zaman, da yamma, Tela na hawan ƙasa ya hauro har tsakiyar matakala, takunkuminsa a haɓa, ya tsaya a nan.

"Baba Gaba-Dai! Kai, yau ka wanke su tas, ba sabulu! Da ka zo kan sharar gidajensu, na ga mai tabarau ya sunkuyar da kai."

"Ka ji shi?" na tambaya. "A wayarka?"

"Da kunnena."

"A waya, ko ta matakala? Ƙofarka a buɗe take ai."

Tela ya sosa ƙeya. "To, Malama, murya dai murya ce. Na ji."

Na jira Baba ya shiga ciki, sannan na gaya wa Tela zancen jan layin. Ya yi dariya.

"Haba Malama, da iliminki. Ja ai shi ne ana ɗauka. Ba ki taɓa ganin ɗakin rediyo ba? In jar fitila ta kama, kowa shiru, ana kan iska."

"Wannan ba fitila ba ce. Layi ne a kan makirufo."

"To ba ya taɓa ba? Na ga ya taɓa."

"Da safar hannu."

"To wa matar nan take gyaɗa wa kai?"

Na shafe watanni ina ce wa yara su buɗe makirufo, su rufe makirufo, na san alamar kamar yadda na san tafin hannuna. Amma da na zauna ina tunani, sai na kasa tuna ko layin yana nan bayan ya taɓa, ko idona ne ya riƙe na farkon. Shugaban kuma ya ce sun ji. Mutum mai wannan matsayi zai ce ya ji abin da bai ji ba? Na kira ofishin ƙungiya in tambaya ko an naɗi zaman. Wata ta ce an naɗa, wani ya ce sai dai in tambayi majalisa. Lambar majalisa kuwa murya ce kawai take cewa in danna ɗaya, in danna biyu, ta dawo da ni inda na fara.

Washegari na ce wa Baba, daga bayan layi, ina jin akwai shakka ko muryarsa ta fita sosai.

"Ba ki ji abin da mutumin ya ce ba? Mun ji kokenka. Ke dai, Malama, kin saba da yara masu cewa sun gane alhali ba su gane ba."

Abin da nake tsoro ke nan.

Daga nan labari ya dagule. Rediyon safe ya ce 'yan majalisa sun amince bisa manufa. Na rana ya ce an miƙa batun ga wani ƙaramin kwamiti. Tela ya hauro ya ce an tsawaita, wani abokin cinikinsa ne ya gaya masa, wanda ƙanin matarsa direban wani babba ne. Kafin ya sauka, mai shagon ƙasa ya ɗaga murya ya ce ƙarya ne, hutu ma suka tafi.

"Malama," in ji Yaya, "mene ne bisa manufa?"

"Wato sun yarda da abin, amma ba su yi ba tukuna."

"Kamar in ce na yarda yara su ci abinci, amma ban hura wuta ba?"

"Kusan haka."

"To su wa ke cin manufa?"

Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare, ogan su Baba ya kira. A baranda Baba ya amsa, na ji rabin maganar. I, ranka ya daɗe. A'a, da sauƙi. I, na san akwai masu jira. Da ya ajiye wayar, ya zauna yana duban takalmansa da suka daɗe a gefen bokiti har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ɗaya.

"Shi ma bai sani ba," ya ce. "Ya ce ba a aiko musu komai ba. In ranar ɗaya ga wata ba a gan ni ba, dole ya sa wani."

"Baba, ka ƙara haƙuri na mako guda. Wataƙila su sa hannu."

"Wataƙila ba ta riƙe wa mutum gurbi, Malama."

"Ko bene ba ka iya hawa a tashi ɗaya."

"Mota ai ba bene ba ce. Ita ke tafiya, ni maƙalewa kawai nake yi." Ya yi murmushi. "Kuma sun ce ba a iya yi sai da mu. Kin taɓa jin an faɗa miki haka a makaranta?"

Yaya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta da kumfa.

"In ka fita, kada ka dawo mini da tari."

"To ina zan ajiye shi?"

"Ka jefa a motar, ai ta shara ce."

Suka yi dariya su biyu, tasa ta ƙare da tarin. Ta juya ta shiga ciki da sauri.

Ranar ɗaya ga wata da na buɗe ƙofa da safe, bokiti yana nan, sabulu yana nan, takalman ba su nan. Da hantsi motar ta shigo layinmu. Na bar yara a waya suna jiran in duba musu lissafi, na leƙa ta taga. Ga shi can a bayan mota, cikin rigar aiki da ta yi masa yawa. Abokin aikinsa ne ke ɗaga duro, shi yana tallafa gindin. Da suka juye, ya daki jikin motar. Na jira kiran. Bai yi ba. Direba ya ja da jin dukan kawai.

Bai cika mako ba. Wata rana da azahar na ji hayaniya a matakala. Direba ne da abokin aikin suka riƙo shi, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Da suka iso ƙofa, ya ƙi shiga. Yana nuna ƙafarsa, bakinsa yana motsi.

"Me yake cewa?" in ji Direba.

"Takalma," in ji Yaya. "Ku cire masa takalma."

Suka cire, suka jera a gefen bokiti. Sannan ya yarda aka shigar da shi.

Na kira motar asibiti. Suka tambaye ni ko cutar ce. Na ce ya yi ta a baya, ya warke. Suka ce to ba ita ba ce ke nan, in kira wata lamba. Wancan ɓangaren suka ce in dai numfashi ne, na farkon zan kira. Ina tsaye a kan layin alli, waya a kunne, ina jin Yaya tana cewa, "Ja a hankali, ja a hankali." Daga ƙarshe motar ta zo, da mutane biyu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Da suka fito da shi a kan gadon ɗauka, ya juyo da ido wajena. Ya ɗaga tafin hannu kaɗan. Har yau ban sani ba ko sallama ce, ko cewa yake kada in matso.

Ba su bar Yaya ta bi su ba. Bayan kwana biyu aka kira ta da safe. Ina jin ta ta bango tana cewa, "Na'am. Na'am. Wane gado kuka ce?" Sai ta fito baranda, wayarsa a hannunta cikin ledarta, don lambarsa ya ba su.

"Malama, sun ce ya cika. Amma da farko wani suna suka kira, sannan suka ce a'a, shi ne. Ki kira mini su."

Na kira. Shi ne.

Wani likita ya ce cutar ce ta dawo, wata ma'aikaciyar jinya ta ce zuciya ce ta gaji. Mutum kaɗan aka bari suka raka shi, daga nesa. Mutanen bene suka riƙa zuwa tsakiyar matakala suna yi wa Yaya gaisuwa daga can. Tela ya zo, takunkuminsa a kan hanci wannan karon, ya buɗe baki ya rufe, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba," ya sauka.

Mako bai zagayo ba rediyo ya ce majalisa ta dawo, ta tsawaita tallafin waɗanda aikinsu ya tsaya. Na ma'aikata irin su Baba kuwa, an ce za a sake sauraron jama'a a kai, domin a zaman farko ba a samu cikakken bayani daga ɓangarensu ba.

Yaya tana zaune a kujerarsa lokacin da na gaya mata.

"Wato nawa sun ba ni."

"Sun ba ki."

"To sun ji shi ke nan. Ai ya faɗi zancen makaranta."

"Wataƙila, Yaya."

"In sun ji shi, don me suka ce ba bayani? In ba su ji shi ba, wa ya gaya musu zancena?" Ta dube ni. "Ke malama ce. Sun ji shi ko ba su ji ba?"

"Ban sani ba. Na ga alama kamar a rufe yake. Na yi ta kiransa."

"Na ji ki ai. Ni na ce kada ki tsallako."

A ƙasa wani yana jan duro zuwa bakin titi.

Direba ne ya kawo saƙon ƙungiya. Ya tsaya a matakala yana murza hularsa. Ya ce sunan Baba yana nan cikin waɗanda za su sake magana, ba a cire ba. Ya ce abokin aikin nan da ya riƙo Baba, shi ma ya fara tari, kuma yana fita. Ko akwai wanda zai karɓi minti biyun?

Na ce zan iya karantawa, tunda takardar tana wurina.

"Ba sai da takarda ba," in ji Yaya.

Ranar zaman, ta fito da kujerar roba bakin ƙofa ta zauna. Ta ɗauko wayarsa tana juya ta, tana neman inda ake dannawa ta cikin leda. Na sa takunkumi, na wanke hannu a bokitinsa, na tsallake layin. Allin ma ya kusa gogewa. Na durƙusa kusa da ita, na kwance ƙullin ledar. Baba ya ƙulle shi tam, sai da na sa haƙuri. Na zaro wayar, na taɓa alamar da yatsana, jan layin ya ɓace. Na duba sau biyu.

"Gidan mai kwashe shara," in ji mai tabarau. "Muna sauraro."

"Kuna ji na?" in ji Yaya.

"Muna jin ki, baiwar Allah."

"Ku ce wani abu in tabbatar. Me na ce yanzu?"

Ya ɗago kai. "Kin ce, kuna ji na."

"To."

Ta gyara zama. Ban san abin da za ta canja ba, ko za ta ce mijina, ko za ta ce marigayi. Ba ta canja komai ba.

"Ni mai kwashe shara ne," ta ce, ta tsaya.

"Da aka ce kowa ya zauna a gida, mu aka ce mu fita." Ta tsaya. "Mun fita."

Ƙirjinta lafiya lau yake. Mace ce da muryarta ke ƙetare filin makaranta in tana kiran yara. Amma duk inda yake tsayawa ya ja numfashi, nan ta tsaya, ta jira gwargwadon yadda yake jira, sannan ta ci gaba. Akwatunan suka yi tsit. Matar nan ba ta gyaɗa kai ba wannan karon, kallo kawai take yi. Yaya ta kai ƙarshe, "Mu warke, mu koma," lokaci bai ma cika ba.

"Shi mai maganar yana ina?" in ji shugaban.

"Ya koma," ta ce.

Sai shugaban ya ce sun gode, sun ji, za su duba. Na gaba.

Ta miƙo mini wayar in kashe. Ledar tana kan cinyarta. Ta shafe ta da tafin hannu har ta miƙe, ta ninke ta gida huɗu, ta sunkuya ta cusa a cikin takalmin da ke gefen bokiti. Daga ƙasan titi muka ji motar ta tsaya, aka juye duro, wani ya daki jikinta, ta ja gaba.